Wa Ya Ɗaura Maka? Tarihin Ɗamarar Karate Daga Japan Har Zuwa Waca



Da babban hutun bara na koma gida Waca da koriyar ɗamara a cikin jakata. Shekara biyu da rabi na yi ina zuba zufa kafin in same ta, don haka ina isa, ko ruwan kirki ban sha ba, na ɗaura ta a tsakar gida ina gwada wa ƙannena yadda ake tare naushi. Kakana yana zaune kan buzunsa a bakin zaure, inda ya shekara aru-aru yana karantar da almajirai. Da na gama tsalle-tsallena sai ya yafuto ni, ya kama bakin ɗamarar ya murza tsakanin yatsunsa, ya ce, "Wannan ƙyallen, wa ya ɗaura maka shi?"

Na ce, "Baba, metur ɗinmu ne, a Damagaram."

Ya ce, "Shi kuma wa ya ɗaura masa?"

Na ce nasa malamin. Ya ce, "To wanda ya fara ɗaurawa a duniya fa, wa ya ba shi izini?"

Nan bakina ya mutu. Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Ka je ka tambayo. Abin da ba ka san silsilarsa ba, kar ka yi tinƙaho da shi." Wannan rubutu shi ne abin da na tambayo, kuma na ga ya dace in raba shi da ku, musamman masu zuwa filin karate, tekwando ko judo, da ma masu yi mana dariya suna cewa mun ɗaura igiya muna ihu.

Lokacin da babu ɗamara

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, karate ya girmi ɗamararsa nesa ba kusa ba. Asalinsa tsibirin Okinawa ne, wanda a da masarauta ce mai zaman kanta da ake kira Ryukyu, mai ciniki da Sin. Sai a 1879 Japan ta haɗe ta. Mutanen tsibirin sun gauraya dabarun faɗansu na gida da waɗanda suka koyo daga Sinawa, suna koyarwa a tsakar gida, sau da yawa da dare, malami ɗaya da almajirai ƴan kaɗan. Babu rigar musamman, babu launi a ƙugu. Malami ya san matsayin kowane yaro tunda kullum yana gabansa.

A can cikin Japan kuwa, tsofaffin makarantun takobi da na kokawa suna da nasu tsari, wanda suke kira menkyo. Takarda ce malami zai rubuta da hannunsa ya ba almajiri, yana shaida cewa ya kai wani mataki, ko kuma an yarje masa ya koyar. Da na karanta wannan sai na tuna ijazar da malamanmu ke bayarwa. Amma takardar tana gida a ajiye, wani lokaci shekaru masu yawa ke shiga tsakanin ɗaya da mai bi mata, kuma in baƙo ya shigo fili ba shi da yadda zai gane gwani daga sabon shiga.

Malamin makaranta mai suna Kano

Wanda ya sauya wannan al'amari sunansa Jigoro Kano. Kar ku yi dariya, ba shi da haɗi da Kanon Dabo, suna ne kawai ya zo ɗaya. An haife shi a 1860, ya rasu a 1938, kuma sana'arsa koyarwa ce: ya daɗe yana shugabantar babbar makarantar horon malamai ta Tokyo. A 1882 ya buɗe makarantar judo da ya kira Kodokan a cikin wani ɗakin ibada, da ɗalibai tara. Da yake malamin aji ne, ya san yaro yana buƙatar ya ga inda ya kai da kuma abin da ya rage masa. Sai ya aro tsarin matakai daga wani wasan allo da ake kira go, wanda ke kama da darar da muke yi a gindin bishiya, amma ya fi ta faɗi da zurfi. Ƴan wasan go sun riga sun yi kusan shekara ɗari biyu suna jera gwanayensu hawa-hawa, kowane hawa ana ce masa dan.

A 1883 Kano ya ba ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, dan na farko. Ku lura da wannan shekara. A lokacin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya kewaye Zinder da ganuwa, yana kan gadonsa, kuma ƙasashen Sosebaki, wato Miriya da Dungas da Wacarmu, suna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Ashe dai tsarin da muke ɗauka ya fito daga zamanin da ba a iya tunawa, sa'an kakannin kakanninmu ne kawai. Wajen 1886 ne Kano ya sa manyan ɗalibansa suka fara ɗaura baƙar ɗamara don a bambance su. Launi biyu ke nan kacal: fari na masu koyo, baƙi na masu dan.

Akwai labarin da ake yawan ba mu a fili, wai a da ɗalibi farar ɗamara ɗaya yake ɗaurawa, ba ya wanke ta, har dauɗa da zufa su mai da ita baƙa. Labarin yana da daɗi a kunne, ni ma na sha faɗa wa ƙanana. To ƙirƙira ce. Baƙar ɗamara shawara ce ta malamin makaranta, kuma mutanen da suka ɗauki tsabta da muhimmanci irin Japanawa ba za su bar ɗalibi ya shekara goma da ƙazamin ƙyalle a ƙugu ba.

Yadda karate ya ari rigar judo

A Okinawa wani dattijo mai suna Anko Itosu ya shigar da karate makarantun gwamnati a farkon shekarun 1900. Shi ne ya tsara kata guda biyar masu sauƙi don yara, waɗanda yau muke kira Heian. Duk wanda ya taɓa shiga filin Shotokan ya san su, su ne babbaƙu da farfarun karate.

Ɗaya daga cikin almajiran Itosu shi ne Gichin Funakoshi, wanda aka haifa a 1868, shi ma malamin firamare. A 1922 ya tafi Tokyo don nuna karate a wani baje kolin wasanni na ma'aikatar ilimi. Kano ya gayyace shi Kodokan ya yi nuni, daga nan kuma bai koma zama Okinawa ba. Amma yana da matsala. Mutanen Tokyo suna kallon ƴan Okinawa kamar ƴan ƙauye, kuma suna ganin wasan nasu faɗan baƙi ne, tunda har sunansa a rubuce yana nufin hannun Sin. Don a karɓe shi, Funakoshi ya ari farar rigar judo, ya ari ɗamara, ya ari tsarin dan. A watan Afrilu na 1924 ya ba ɗalibai bakwai dan na farko a tarihin karate. A wannan shekarar Zinder ce babban birnin Nijar ta Turawan mulkin mallaka, saura shekara biyu a mai da hedikwata Yamai. A shekarun 1930 aka sauya rubutun sunan ya koma hannu wofi, wato hannun da ba makami.

Ga amsar tambayar kakana ta uku ke nan: wanda ya fara ɗaurawa babu wanda ya ɗaura masa. Kano da Funakoshi sun zauna ne sun tsara abin da zai taimaki ɗalibansu, jama'a kuma suka yarda da shi saboda sun ga aikinsu. Wani abu kuma da ya kamata mu riƙe: kalmar da suke kiran baƙar ɗamara ta farko da ita, shodan, ma'anarta matakin farko. A wurinsu mai baƙar ɗamara ya gama koyon harufa ne, yanzu zai fara karatu. Funakoshi har ya rasu a 1957 bai ba kowa abin da ya wuce dan na biyar ba.

Launuka sun biyo ta Faransa

To ina rawaya da ruwan goro da kore da shuɗi da ruwan ƙasa suka fito? Nan ne labarin ya matso kusa da mu. A 1935 wani malamin judo ɗan Japan, Mikinosuke Kawaishi, ya sauka Paris. Ya lura Turawa ba su da haƙurin zama shekaru da farar ɗamara ba tare da wata alama ta cewa suna gaba ba, sai su gaji su daina zuwa. Shi ne ya yaɗa tsarin launuka a Faransa, ya yanka doguwar tafiyar zuwa baƙi ta zama zango-zango. A shekarun 1950, da Henry Plée ya buɗe filin karate a Paris, sai ƴan karate suka bi sahun ƴan judo. Ƴan Koriya ma da suka kafa tekwando, tsarin dan ɗin Japan suka ɗauka.

Shi ya sa jerin launukan da muke bi a Nijar irin na kulob-kulob ɗin Faransa ne, shi ya sa muke ce wa malami metur, muke ce wa baƙar ɗamara santir nuwar, alhali muna ƙirga naushi da Japananci. Sauran aikin kuma finafinai suka yi. Yayyenmu da iyayenmu sun cika gidajen sinima da na bidiyo suna kallon Bruce Lee, wanda ya rasu tun 1973, kowane yaro ya fito yana harbin iska. Abin dariyar shi ne Bruce Lee ba ɗan karate ba ne, faɗan Sinawa ya koya, kuma bai damu da ɗamara ba. Mu dai komai aka yi da ƙafa karate muke ce masa.

Ƙasarmu ta ɗanɗani amfanin waɗannan wasanni. Tun lambar tagulla da Isaka Dabore ya ciyo a dambe a gasar Olamfik ta Munich a 1972, Nijar ba ta sake hawa dandamali ba sai a 2016, da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a tekwando a Rio, shekara ta gaba kuma ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu. Karate shi kansa sau ɗaya ya shiga Olamfik, a Tokyo a 2021, inda wata ƴar Masar, Feryal Abdelaziz, ta ci zinare. Alfaga da Feryal duk da farar ɗamara suka fara.

Mu ma muna da matakai

Da na kai nan a bincikena sai na gane dalilin tambayar tsoho. Hawa mataki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya yaro yana farawa kolo, ya zama tittiɓiri, ya zama gardi, in Allah Ya nufa ya kai alaramma, har gwani da gangaran. Babu wanda ke naɗa kansa gwani, sai gwanaye sun saurare shi sun shaida. A fada akwai rawani, kuma duk girman mutum ba ya naɗa wa kansa. A kokawa akwai takobi, wanda aka fara gasarsa ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka.

Amma kowanne da halinsa. Rawani yawanci gidan da aka haife ka ne ke kai ka gare shi. Takobi mutum ɗaya ke ɗauka a faɗin ƙasa, sauran duk su koma gida hannu rabbana, kuma baɗi ana iya ƙwace shi. Ɗamarar karate ta fi kama da allon tsangaya: ɗan talaka da ɗan sarki layi ɗaya suke farawa, mutum ashirin na iya hayewa rana ɗaya ba tare da ɗaya ya rage wa ɗaya komai ba, tunda abin da ake aunawa shi ne kai na yau da kai na wata shida da suka wuce.

Ranar da na faɗi

Bari in ba ku nawa labarin, don kar ku ce tarihin wasu kawai na iya. Na shiga karate ina sabon zuwa lise a Zinder, kuma gaskiya don a ji tsorona na shiga. Ɗan ƙauye ne ni, siriri, ana yi mini dariyar hausata. Rawaya da ruwan goro na same su ba wuya, sai kaina ya kumbura. Da jarrabawar kore ta zo ban yi wani shiri ba. Kuɗin shiga jaka biyu ne, na tara su da sayar da rake lokacin hutu. Ana cikin kata ta uku, a gaban alƙalai uku da iyayen yara, kaina ya ɗauke ɗif. Na tsaya kamar gunki, na juya hagu inda ya kamata in juya dama. Wata yarinya ƴar shekara goma sha biyu da ke gefena ta gama tata tsaf. Ita ta haye, ni na faɗi.

Wallahi mako uku ban koma fili ba. A cikin makonnin nan wani abokina ya nuna mini baƙar ɗamara da ya sayo wurin ƴan gwanjo a kasuwar Dole, dala ɗari kacal, har da rubutun Japananci a jikinta. Ya ɗauki hoto da ita ya sa a Facebook, ana ta yi masa kirari. Ya ce, "Kai wahala kake so. Ga ta nan, ɗari biyar ta Faransa." Na riƙe ta a hannu, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya. Abin da ya hana ni shi ne na san in na ɗaura ta ba zan iya shiga kowane fili ba, domin minti biyu sun isa a gane ni. Ita kawai hoto take yi.

Da na koma, metur bai tambaye ni inda na shiga ba. Ya ce in tsaya bayan yarinyar nan in bi ƙafarta. Wata shida ina bin ƙafar yarinyar da na girma da shekara biyar. A nan na koyi abin da rawaya da ruwan goro ba su koya mini ba: in zo a kan lokaci, in maimaita abu sau ɗari ba mai tafa mini, in karɓi gyara daga na ƙasa da ni ban ji an ci mutuncina ba. Da na sake shiga jarrabawa na haye. Wannan halin ne kuma na ɗauka na kai kan lissafi, wanda a da nake gudu, na riƙa raba shi babi-babi kamar launukan ɗamara har na samu bak.

Abin da ke cikinta da abin da babu

Ba zan ce tsarin ba shi da aibu ba. Akwai kuɗi a ciki: kuɗin wata, kuɗin riga, kuɗin jarrabawa, kuma na san yara masu hazaƙa da suka tsaya a rawaya saboda jaka biyu ta gagara. Akwai malaman da ke hanzarta ba da launi don kar iyaye su janye ƴaƴansu. Akwai masu baƙar ɗamarar gaske da girman kai ya lalata. Kuma launin wani fili ba lallai ya yi daidai da na wani ba. Kawaishi ma ai don ya riƙe ɗalibai ya yaɗa launukan, wannan gaskiya ce da bai kamata mu ɓoye ba.

Duk da haka ga abin da ya sa nake ganin darajarta. Duk wanda ya zauna Zinder ya san ƙungiyoyin samarin da ake kira pale, waɗanda Aisha Maki ta nuna rayuwar wasunsu na unguwar Kara-Kara a fim ɗinta na 2021. Ƙanena, ɗan baffana, da ya zo birni karatu, wata uku kawai ya yi na fara ganinsa a wata kwana yana ɗaga ƙarfen da aka haɗa da siminti. Ban ga laifin ɗaga ƙarfe ba. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda ake samun girma a wurin: wanda aka fi tsoro shi ne babba, kuma kullum sai ka sake nuna cewa kai abin tsoro ne. Na gane yaron nan abin da na nema shi yake nema, wato wani babba ya dube shi ya ce ka ƙaru. Makaranta sai ƙarshen shekara take faɗa, aikin yi babu, gida kuma yana nesa.

Na ja shi fili da ƙyar. A can ya tarar da tsani mai hawa a bayyane, da sharuɗɗan da kowa ya sani, da alƙalan da ba abokansa ba, da dokar cewa duk wanda ya yi faɗa a titi an dakatar da shi. Ya kuma tarar cewa duk hawan da ka yi, ana ɗora maka nauyin na ƙasa da kai. Yanzu rawaya gare shi. Ba zan ce muku ya zama waliyyi ba, har gobe yana leƙa tsofaffin abokansa, kuma ranar da ya makara gabana faɗuwa yake. Amma ran Asabar ɗin da ta wuce na gan shi durƙushe yana koya wa wani ɗan shekara bakwai yadda ake ƙulla farar ɗamara.

Na koma wurin tsoho

Da hutun Kirsimeti na koma Waca na zauna gaban kakana na karanto masa silsilar: metur ɗinmu, malamansa, Faransa, Kawaishi, Funakoshi, har Kano na 1883. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ashe malaman makaranta ne suka ƙirƙiro ta." Na ce ƙwarai. Ya ce, "To da sauƙi. Kai yanzu a karatunku kolo ne ko tittiɓiri?" Na ce tittiɓiri ne, Baba, saura shuɗi da ruwan ƙasa kafin baƙi, shi ma baƙin farkon karatu ne. Ya gyaɗa kai ya ce in je in cire ta in taya ƙannena ɗaukar kara daga gona.

Ƴan uwa, wanda ke da fili kusa da shi ya je ya gwada, mace ko namiji. Wanda kuma ya riga ya ɗaura wani launi, ya tambayi metur ɗinsa wa ya ɗaura masa, ya rubuta amsar ya kawo mana, mu haɗa tarihin filayen jiharmu a fitowa ta gaba tun masu labarin suna raye. Ni jarrabawar shuɗi tana jirana bayan sallah, ku sa ni a addu'a.